Wutsiyar Kaset

Kamfanin da na ci abinci a cikinsa shekara goma sha ɗaya ya fara ne a banɗakin wani bene a Bobigny, a gefen Paris. Ba ƙari na yi ba. Alhaji, Bamaraɗe mai sayar da atamfa da turaren wuta, ya cika falonsa da kaya har babu wurin shimfiɗa sallaya, sai ya jera kaset-kaset na finafinan Hausa a cikin bahon wanka, shi ya koma wanka da bokiti. Haya yake bayarwa, amma ba ya jiran ka zo. Ka biya na wata, ya zuba kaset uku a ambulan mai kauri ya aiko maka ta gidan waya, in ka gama kallo ka mayar, ya aiko wasu. Ko wata biyu suka yi a hannunka ba ruwansa. Abu ɗaya ke tayar masa da hawan jini, wato ka mayar masa da kaset ba ka nannaɗe zaren zuwa farko ba.

Akwai wasu masu ba da hayar fim a Paris, ƴan Kano biyu ma sun fi shi sababbin kaya. Abin da ya sa muka manne wa Alhaji shi ne wutsiya. Fim yakan ƙare ya bar ragowar zare, minti goma ko ashirin, wannan ragowar Alhaji ke kira wutsiya. Sau biyu a shekara yana zuwa gida saro kaya da kamararsa a rataye. Ka yi masa kwatancen gidanku, ya je ya ɗauko maka uwarka tana gaishe ka, ko matarka, ko jaririn da aka haifa ba ka nan. In ya dawo ya ɗora gaisuwar a wutsiyar kaset ɗin da zai aiko maka. To amma kaset na haya ne, daga hannunka sai hannun wani, kuma Alhaji ba ya gogewa sai ya buƙaci wurin. Da haka muka san iyayen juna kaf. Mun san wanda gidansu ke da rufin kwano, mun san wanda ubansa ya ari babbar riga don kamara. Sau da yawa ma tura fim ɗin muke yi gaba, mu je kai tsaye ga gulma.

A farkon shekarun dubu biyu ina karatun kwamfuta a Bron, a gefen Lyon, kuma ni ce mai karɓar ambulan na mutanen Lyon. Mu tara muke kallo da rajistar mutum ɗaya. Alhaji ya sani, kullum sai ya yi mita a waya, kullum kuma sai ya aiko. Ranar Lahadi bayan azahar ake taruwa a ɗakina, in dafa shinkafa da miya, a zauna a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa.

Cikin masu zuwa akwai wanda muke kira Injiniya. Mutumin wajen garin Tawa ne, yana aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, dogo, mai wushirya, mai guga har a safa. Shekara biyu yana nemana da aure. Ya ce gidansu gidan sarauta ne, mahaifiyarsa Hajiya ce mai haƙorin zinariya biyu, ta je Makka sau huɗu. Shi kaɗai ne bai taɓa yi wa Alhaji kwatance ba. In an tambaye shi sai ya gyara wuyan riga ya ce gidansu ba a shiga da kamara. Ni kuwa ƴar mahauci ce daga Damagaram, ban taɓa ɓoyewa ba. Babana ya fito a wutsiya sau uku, yana gaishe ni da wuƙa a hannu, ƙudaje na yawo a kansa.

Wata Juma'a muna jiran tiram, jirgin ƙasan cikin gari, ana yayyafi, Injiniya ya ce mini an yi bincike a gida.

"Hajiya ta ƙiya," in ji shi. "Ta ce ɗiyar mahauci ba ta shiga zuriyarmu. C'est la famille, sha'anin dangi na, ba yadda zan yi."

Ban yi kuka a gabansa ba, na bari sai da na shiga tiram. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Lahadi na zagayowa sai ga shi ya zo kallo kamar kullum, ya cire takalmi, ya ci shinkafata har da neman ƙari.

Bayan wata huɗu ambulan ya iso da ƴar takarda a ciki, rubutun Alhaji mai kama da tafiyar kaza. Ya ce a kasuwar wani ƙauye wata tsohuwa ta ji labarin mai kamara daga Faransa, ta biyo shi har tasha, ta ja shi gidanta. Ɗanta yana Lyon, amma ta ƙi faɗin sunansa. "Ga ta nan a wutsiya, mai ita ya ɗauka."

Ranar Asabar da hantsi na saka kaset ɗin ni kaɗai. Tsohuwa ce siririya, tsaye gefen turmi, zaninta ya koɗe har ba a gane launinsa. A bayanta ƙoren hatsi ne a jere, ƙanana da manya, waɗanda da gani ka san na mutane daban-daban ne. Dakau take yi, daka hatsin maƙwabta a biya ta. Muryar Alhaji ta fito daga bayan kamara.

"Inna, mi sunanshi?"

Ta ja bakin kallabi za ta rufe baki, dariya ta riga ta. "Haba Alhaji! Ɗan hwari na hwa."

Kowa ya san uwa irin ta da ba ta kama sunan ɗan fari, ko za a yanka ta. Amma dariyar nan ta gama faɗa mini sunan. Wushiryar da na shekara biyu ina kallo ce, a bakin tsohuwa. Ta tsaya tsaf, bayanta a miƙe, ta dubi kamara kamar mai duban baƙo.

"Ku hwaɗa ma wancan yaron, shi mai haɗa magani cikin kwalba, lahiyata lau. Kar ya wahal da kainai da aiko komi, ina dakau, ina samun na tuwo. Sanyi ɗai nika ji mishi, an ce can ruwa ka daskarewa. Ya riƙa sa riga biyu." Ta shafa bakin turmi. "In ya samu mata, ko ɗiyar wa ta, in dai tana salla, ya kawo ta in gani tun idona na gani."

Sau goma sha ɗaya na mayar da wurin nan. Ashe babu Hajiya, babu bincike, babu haƙorin zinariya ko na tagulla. Shi ne ya ƙi ni, ya ɗora wa wannan baiwar Allah. Ban ji tausayinta ba a ranar, gaskiya nake faɗi. Daɗi na ji, irin daɗin wanda aka miƙa wa wuƙa an riga an wasa masa.

Lahadin nan naman rago na dafa, na zaɓo shi da kaina kamar yadda babana ya koya mini. Na gayyaci har waɗanda ba sa zuwa, har da wasu ƴan kasuwa biyu ƴan Najeriya masu bakin tsiya. Na hana a tura fim gaba. Awa ɗaya da rabi na zauna ina kallon ƙeyar Injiniya, ana ta rawa da waƙa a cikin lambu. Da fim ya ƙare, hoto ya yi tsalle, sai ga turmi.

Da tsohuwa ta yi dariya ta ce ɗan fari ne, na danna na tsayar da hoton, bakinta a buɗe. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka ɗauke ido daga tele suka mayar kan bakin Injiniya. Ya haɗe leɓɓansa.

"Alhaji ya ce mai ita ya ɗauka," na ce. "Injiniya, ai wajenku ne. Ko ka san ta?"

Ya aje cokali a hankali. "Ta hwaɗi sunana?"

"Ba ta hwaɗa ba."

"To. Ina jin tsohuwar da ka yi muna daka ta, can gida. Elle est un peu dérangée, tana da ɗan taɓin hankali. Kowa ta gani ɗanta na."

Kunyar da ta ji masa ita ya taka ya haye. Ya miƙe, ya ce yana da aiki da asuba, ya sa takalmi bai ɗaure igiya ba, ya fita. Bai ji sauran maganarta ba, ko kalma ɗaya. Babu wanda ya yi dariya da farko, wata ma ta ce mini in kashe. Sai na ja bakin ɗankwalina na rufe baki, na maƙale murya na ce, "Haba Alhaji! Ɗan hwari na hwa." Ɗakin ya fashe, ɗaya daga ƴan kasuwar har ya ƙware da shinkafa.

Daga ranar na samu sana'a. Duk suna, duk walimar Salla, sai an ce in yi tsohuwar Injiniya. Tun ina yin ta yadda take har na ga dariya ta fara raguwa, sai na ƙara mata gishiri. Na karkace mata baki. Na sa mata doro. Na sa tana jan majina tsakanin kalma da kalma, tana rawar kai. "Riga biyu" ya zama abin da ake cewa in an ga Injiniya ya wuce a bakin masallaci. Ya daina zuwa taro. Daga baya na ji ya auri ƴar wani babban ma'aikaci daga Yamai, an yi biki a Paris, an ce Hajiyarsa ba ta samu biza ba.

Alhaji ya kira ni ya tambaya ko mai ita ya fito. Na ce bai fito ba. Ya yi salati, ya ce amana ce, ba zai goge ba sai an samu ɗanta. Ya rubuta a jikin kaset ɗin da jan biro: KADA A GOGE. Haka tsohuwar ta yi ta yawo a ambulan, gari zuwa gari, tana cewa a sa riga biyu.

Da na gama karatu Alhaji ya ɗauke ni aiki, na koma Paris. Lokacin faifai ya shigo, ambulan ya zama siriri, kuɗin aikawa ya sauka, masu rajista suka ninka. Muka bar bahon wanka muka kama shago a ƙasan wani bene, nan Bobigny, da kanta da kwamfuta da wata ƴar Dosso mai manna adireshi. Alhaji ya sayi kujera mai juyawa, ya fara cewa "kamfanina". Wutsiya ta ɗan biyo mu zuwa faifai, amma ba ta daɗe ba. Waya mai kamara ta isa ƙauye, kowa yana ganin uwarsa ba sai Alhaji ya hau jirgi ba, har wasu na ƙorafin iyayen sun cika kira.

Sai faifan ma ya fara kwantai. Yara suka daina jiran mai raba wasiƙu, suna son su danna su gani. Ni na matsa wa Alhaji mu buɗe shafi a intanet, mutum ya biya na wata ya kalli abin da yake so a wayarsa. Ya yi wata uku yana cewa shi bai yarda da hajar da ba a taɓa ta da hannu ba, sannan ya yarda. Aikin juye tsofaffin kaset zuwa kwamfuta ya faɗo kaina. Injin shida na jera a bayan shago, suna ta gurnani daga safe zuwa la'asar, kuma ni na yanke cewa duk inda fim ya ƙare nan za a tsaya.

"Wutsiyoyin hwa?" in ji Alhaji.

"Alhaji, wa zai biya ya kalli uwar wani? Wuri kawai za su ci."

Ya sa muka aika wa tsofaffin masu rajista saƙo, duk mai son tasa ya zo ya ɗauka. Mutum bakwai suka zo. Sauran kaset ɗin aka zuba a kwalaye za a kai juji. Mai jan biron nan ya zo hannuna ranar ƙarshe. Na karanta rubutun, na juya shi, na tuna yayyafin bakin tiram. Alhaji yana masallaci. Na cusa shi a ƙasan kwali na danne da wasu. Ba mantuwa na yi ba, kuma ba kuskure ba ne.

Shekara biyu bayan haka wayar shago ta yi ƙara da rana tsaka. Muryar ta tsufa amma na gane ta, Injiniya ne. Gaisuwar ma a gajarce ya yi ta, ina aiki, ina gida.

"Tsohuwar nan ta rasu," ya ce. "Da damina."

"Wace tsohuwa? Mai yi muku daka?"

Na ji numfashinsa a waya. Ya ce rabonsa da ƙauye shekara goma sha huɗu, kullum yana cewa baɗi, don in ya je matarsa za ta ce sai ta bi shi. Ya sa an bincika ɗakinta, babu hoto ko ɗaya, ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba sai Alhaji. Ya ce fuskarta ta fara ɓace masa, in ya rufe ido turmin yake gani. An faɗa masa Alhaji bai goge ba.

Kalma huɗu sun isa in sallame shi a wayar nan. Maimakon haka na ce ya zo Bobigny ranar Lahadi bayan azahar. Na ce kayan amana ne, ba a ba wanda ba mai shi ba, sai ya faɗa gaban shaidu ko ita wace ce a wurinsa. Alhaji yana Maraɗi a lokacin, babu mai hana ni. Na bi waya na tattaro mutanen ɗakina na da waɗanda suka dawo Paris, na samu shida.

Ya zo a jirgin ƙasa na safe. Furfura ta fito masa a gefen kunne, tumbi ya ɗan turo, gugar dai tana nan. A hannunsa akwai ƴar na'urar ajiyar hoto sabuwa fil, bai ko cire ta daga leda ba. Ya ga mutanen a zaune kan kwalayen atamfa, ya gane abin da na shirya. Ya tsaya a tsakiyar shago kamar ɗan makaranta.

"Uwata ta," ya ce. "Ita ta haihe ni, ni na ɗanta na hwari. Babu sarauta gidanmu. Da dakau ta sai mini littahin lakwal, na yi boko. Ƙarya na yi muku, ƙarya na yi miki."

Shekara goma ina jiran wannan, kuma ya yi mini daɗi yadda na zata. Na bar shirun ya ɗan daɗe don in ƙoshi. Sannan ya miƙo mini ledar da hannu biyu.

"An zubar da shi," na ce. "Shekara biyu ke nan. Ba mu juye wutsiya ba."

Wata ƙawata da muka zauna ɗaki ɗaya a Bron ta miƙe tsaye. "Kin sani kika sa shi ya taso daga Lyon? Ke ba ki tsoron Allah?"

Na jira ya zage ni, na ma tanadi abin da zan mayar. Sai ya nemi kwali ya zauna, ya ɗora ledar a gwiwa yana shafa ta da babban yatsa.

"Ban tsaya na ji ƙarshe ba ran nan," ya ce, bai ɗago ba. "An ce kin iya ta. An ce kin hardace duka. Don Allah yi mini."

Na so in faɗa masa maganar kawai, da muryata, a miƙe. Wallahi na gwada. Ina buɗe baki ya karkace da kansa, kafaɗata ta rankwafa, majinar nan ta zo a inda na saba sa ta. Na yi ta sau ɗaruruwa a haka, ta gaskiyar kuwa sau goma sha ɗaya na gan ta, tun ina yarinya. Na nemi muryar tsohuwar a kaina ban same ta ba, tawa ta cinye ta.

"Tsaya," ya ce. Ya zaro waya, ya saita ta a fuskata. "Sake daga hwarko."

Na sake. Na ja ɗankwali na rufe baki, na ce ɗan fari ne. Na ce lafiyata lau, ina dakau, ina samun na tuwo. Na ce ya riƙa sa riga biyu. Babu wanda ya yi dariya a shagon, ƙawata ta juya wa bango fuska. Da na zo wurin mata, ko ƴar wace ce in dai tana salla, na cire ido daga wayar na zuba masa, don ya san na sani tun ranar farko. Bai daina ɗauka ba sai da na kai ƙarshe. Ya duba ya tabbata ta shiga. Ya sa ta a aljihun ƙirji, ya ce mini Allah ya saka da alheri, ya tafi ya kama jirgin la'asar. Da ya zage ni da na fi samun barci.

Shafin namu bai yi tsawon rai ba. Finafinan da muke sayarwa suka cika intanet kyauta, manyan kamfanoni kuma suka kwashe yaran da nasu kaya. Alhaji ya rufe, ya koma kan atamfa da turarensa, kujera mai juyawa ta zama wurin aje buta. Har ya bar ƙasar bai san abin da na yi da kaset mai jan biro ba, yana zaton mai ita ya zo cikin mutum bakwai ɗin nan.

Ƙawar nan tawa ta daina yi mini magana shekara uku. Da ta kira ni, ba don sulhu ba ne. Ta ce ta je gaisuwar Salla gidan Injiniya a Lyon, ana zaune ana cin nama, sai ƴarsa mai shekara bakwai ta ce za ta nuna wa baƙi kakarta. Yarinyar ta ja mayafi ta rufe baki, ta karkace leɓe, ta yi doro, ta ja majina, ta ce a riƙa sa riga biyu. Ta ce babanta ke kunna musu a waya duk Juma'a, haka kakarsu take magana. Shi yana zaune yana kallonta, bai gyara mata ba.

Tsohuwar nan bakinta a daidai yake, bayanta a miƙe, kuma ba ta ja majina ko sau ɗaya ba. Ni na ƙara mata su don mutane su yi dariya.